A yi mana shirin riga-kafin kaji da Hausa kafin hunturu

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ni mazauniyar Aboabo ce a nan Kumasi, tun ina amarya nake kiwon kaji a bayan ɗaki. Hunturun bara na sayo zakara a kasuwa, ina isowa gida na sake shi cikin kajina. Kafin a yi Juma'a biyu, kaji 23 sun koma huɗu. Sai ka ga kaza ta yi jugum, fukafukai a sake, tana zawo kore-kore, can sai wuya ya murɗe tana kallon sama. Na fasa musu kafso a ruwa, maƙwabciyata ta ce in ƙara barkono da toka. Duk a banza.

Daga baya wani ma'aikacin dabbobi ya ce mini cutar kaji ce da ake kira Niyukasul, kuma kafso ba ya taɓa ƙwayar cutar. Sai dai riga-kafi, kuma a nan Ghana ake haɗa shi, sunansa I-2. Ɗigo ɗaya ne a idon kaza, a maimaita bayan wata uku zuwa huɗu, ga shi yana jure zafi fiye da sauran magungunan riga-kafi. Ya ce baƙuwar kaza kuwa a ware ta mako biyu kafin ta shiga akurki. Shekara nawa ina kiwo, ban taɓa jin wannan da Hausa ba! Manyan gonakin kaji na garin Dormaa suna da likitocinsu, mu matan zango sai jita-jita.

Mu ma da laifinmu, ba zan ɓoye ba. Kaza ta fara layi, sai a ruga da ita kasuwa ko a sa mata wuƙa. Wadda ta mutu a wurga kwata, karnuka su ja ta gida-gida, maimakon a binne ta da zurfi. Alhali murar tsuntsaye ta ɓulla a ƙasar nan a 2007 da 2015 da 2021, tana kama mutum, kuma da ido ba ka raba ta da Niyukasul.

Don Allah ku gayyato likita daga ofishin kula da lafiyar dabbobi kafin Nuwamba, a sa shirin bayan sallar Isha'i lokacin da mata suka sauke tukunya. Ya faɗa mana inda ake samun maganin a Kumasi, sidi nawa ne, da wanda za a kira idan kaji suka fara zuba. Kwalba ɗaya ta fi ƙarfin gida ɗaya, ni kuwa na riga na yi magana da gidaje shida a layinmu za mu haɗa kuɗi.

Mai sauraronku kullum,
daga Aboabo, Kumasi.