Rahoton Ayyukan Shekarar 2024: Endometiriyosis, Garkuwar Jiki da Jinkirin Haihuwa

Assalamu alaikum iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu.

Ga bayanin ayyukan ƙungiyarmu ta mata masu fama da ciwon endometiriyosis daga Janairu zuwa Disamba 2024, kamar yadda kwamitin gudanarwa ya amince. Lissafin kuɗi ba ya cikin wannan takarda. Ma'aji za ta karanto shi a babban taro, da rasit ɗinsa a hannu.

Zaman wata-wata da fita wayar da kai

Zaman wata-wata bai tsaya ba, sai dai tun da man fetur ya ƙara tashi a Satumba, 'yan uwanmu na bayan gari suka rage zuwa, don kuɗin adaidaita ya fi ƙarfin da yawa. Saboda haka muka koma naɗar muryar mai bayani muna turawa a WhatsApp.

Maris shi ne watan wayar da kai kan wannan ciwo a duniya, bana kuma azumi ya shigo cikinsa, don haka muka mayar da fita ta zama ta safe. Mun ɗaura ƙyallenmu ruwan ɗorawa mun shiga Islamiyyun matan aure da makarantun sakandaren 'yan mata. Saƙon ɗaya ne: ciwon marar da zai kwantar da yarinya duk wata har ta kasa zuwa aji, ko ya sa ta amai da suma, na asibiti ne, a daina ce mata "ki daure, in kin yi aure zai bari". Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mace ɗaya cikin 10 na masu shekarun haihuwa tana da shi, kimanin mata miliyan 190. Duk inda muka faɗi wannan adadi sai malamai mata su fara lissafa ɗalibansu da yatsa.

Karatun da ya fi cin lokacinmu

Babban aikin bana shi ne jerin darussan da wata likitar mata ta ba mu kyauta, Allah ya saka mata da alheri, kan alaƙar ciwon da garkuwar jiki. Mun tsawaita wannan sashe da gangan, domin a kansa muka gina shawarwarin da suka biyo baya.

Kowa a cikinmu ta san tushen maganar: nama mai kama da shimfiɗar cikin mahaifa ne ke tsirowa a wajenta, a kan ƙwan haihuwa, ko bututun ƙwai, ko bayan mahaifa, wani lokaci har kan hanji da mafitsara. Tun 1927 wani likitan Amurka, John Sampson, ya kawo bayanin cewa wani ɓangare na jinin al'ada yana komawa baya ta bututun ƙwai ya zuba cikin ciki. Daga baya aka gano wannan komawar tana faruwa ga mafi yawan mata, wajen tara cikin goma. To in haka ne, me ya sa ɗaya cikin goma ce kawai take kamuwa?

A nan garkuwar jiki ta shigo. A cikin ruwan da ke kewaye da kayan ciki akwai ƙwayoyin tsaro da aikinsu shi ne kwashe duk abin da ya faɗo inda ba wurinsa ba. Wasu haɗiyewa suke yi, su ne likitoci ke kira makrofaj. Wasu kuma kashewa, ana ce musu ƙwayoyin NK. A jikin mai endometiriyosis, bincike ya nuna masu kashewar ƙarfinsu ya ragu, masu haɗiyewar kuma sun yi yawa amma ba sa kwashewa yadda ya kamata. Maimakon haka sai su riƙa fitar da sinadaran kumburi, da waɗanda ke sa sababbin jijiyoyin jini da na jin zafi su tsiro su shiga naman. Likita ta ce kamar ɗan aikin da aka sa ya nome ciyawar tsakar gida ne, ya ɗauko bokiti yana ba ta ruwa. Sinadarin mace na estirojin yana ƙara rura wutar, gado ma yana da hannu: wani babban bincike na 2023 ya gano wurare 42 a ƙwayoyin gado da ke da alaƙa da ciwon. An kuma lura masu shi sun ɗan fi sauran mata haɗuwa da cututtukan da garkuwa ke juyowa kan jiki, irin su lufus da wani nau'in ciwon gaɓɓai.

Ta fuskar haihuwa, wannan kumburin yana taɓa wurare da dama. Ruwan cikin da ya cika da sinadaran kumburi yana rage kuzarin maniyyi, yana iya taɓa ingancin ƙwai. Kumburin da ya daɗe yana barin tabo, kayan ciki su manne da juna, bututu ya lanƙwashe ko ya toshe. Ƙullutun tsohon jini da ke fitowa a kan ƙwan haihuwa yana cinye lafiyayyen nama. Ita ma shimfiɗar mahaifa takan ƙi jin sinadarin furojestaron da ke shirya ta karɓar ciki. Ƙiyasin da likitoci ke yawan ambata shi ne kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari na masu ciwon suna samun wahalar ɗaukar ciki. Ku juya lissafin: rabi ko fiye suna haihuwa. Muna roƙon ƙannenmu da aka gaya wa sunan ciwon kwanan nan su riƙe wannan kafin wata ta kira su juya.

Rigimar maganin ƙara garkuwa

Da aka fara maganar garkuwa, sai masu talla suka samu ƙofa. Cikin ɗan lokaci WhatsApp ɗinmu ya cika da hotunan robobin ƙwayoyi da shayi da tsimi, wai suna "ƙara garkuwar jiki su wanke mahaifa". Wata 'yar uwa ta zo zama da leda cike da robobin da ta shanye, ta zazzage su a kan tabarma, ta ce kuɗinsu ya ci mata ɗan kunnen gwal. Ba wanda ya taɓa tura ta hoton ciki ko sau ɗaya.

Amsar likita ita ce garkuwar mai wannan ciwo ba kwance take ba balle a tashe ta. Aiki take yi, ta ɓata hanya ne. Hatta magungunan asibiti masu danne kumburin garkuwa da aka gwada ba su nuna amfanin da zai sa a riƙa rubuta su ba, kuma ƙa'idojin da ƙungiyar likitocin haihuwa ta Turai ta fitar a 2022 ba su sa irin waɗannan cikin hanyoyin samun ciki ba. Haka ma labarin binciken Jami'ar Nagoya ta Japan na 2023, wanda ya samu wata ƙwayar cuta mai suna Fusobacterium a mahaifar da yawa daga masu ciwon. Wasunmu suna ji suka ruga kemis sayen Flagyl. Alhali a binciken, a jikin ɓeraye ne aka gwada maganin. Mu da muka shekara da shekaru ana ce mana "sanyi ne" ana ɗura mana maganin kashe ƙwayoyin cuta, bai kamata mu koma ɗura wa kanmu ba.

Kwamiti ya yanke hukuncin hana tallan kowane irin magani a zaure da WhatsApp. Ran wasu ya ɓaci, musamman waɗanda sana'arsu ke nan, mutum biyu ma suka fita. Ba ma hana kowa neman halak ɗinta, amma ba a kan 'yar uwar da ke neman haihuwa ido rufe ba.

Zaman mazaje

Mun gayyaci mazajenmu zama na musamman. Waɗanda suka zo ba su cika benci uku ba, amma zaman ya yi amfani. Wani bawan Allah ya ɗaga hannu ya ce, "Likita, to yanzu laifin wa ke nan?" Ta ce masa, "Alhaji, babu laifin kowa, amma kai ma ka yi gwajin maniyyi, shi ne mafi sauƙi da araha a duk gwaje-gwajen." Aka yi dariya, shi bai yi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum ɗaya cikin shida, maza da mata, yana haɗuwa da matsalar rashin haihuwa a rayuwarsa. An kuma yi musu bayanin zafin da wasu ke ji lokacin kwanciyar aure, cewa ciwo ne, ba ƙiyayya ba ce, ba kuma namijin dare ba. Surukai mata ne ba mu samu ba, alhali su ne masu faɗa a ji a gidaje da yawa.

Asusun taimako

Abin da aka tara daga kuɗin wata da gudummawa ya tafi ne kan hoton ciki da kuɗin ganin likitan mata, sai ɗan tallafi ga waɗanda aka yi wa aikin leƙa ciki da kyamara. Dashen ciki na kwalba ya fi ƙarfin asusunmu, kada kowa ta sa rai daga nan. Muna kuma tunatarwa: ƙwayoyi da allurar da ke dakatar da al'ada suna rage ciwo ƙwarai, amma ba a ɗaukar ciki ana kansu. Wadda haihuwa take nema yanzu ta faɗa wa likita tun a zaman farko, don ƙwai yana raguwa da shekaru, aikin cire ƙullutu ma yana iya rage shi.

Muna taya waɗanda suka sauka bana murna, Allah ya raya. Waɗanda suka yi ɓari, Allah ya mayar da alheri. Masu jira, Allah ya kawo masu albarka.

Shekara mai zuwa

Za mu nemi zama da ma'aikatan ƙananan asibitocin unguwa da masu kemis, tunda wurinsu mace ke fara zuwa. Za a raba wa kowa katin rubuta ranakun ciwo da ƙarfinsa, ta riƙa zuwa da shi asibiti. Zaman surukai kuma mun ɗora shi a wuyan iyayen ƙungiya. Za a sanar da ranar babban taro a WhatsApp. Masu bashin kuɗin wata su ga ma'aji kafin ranar, don za a yi zaɓen sabon kwamiti.

Wassalam.

Sakatariya, a madadin kwamitin gudanarwa