Kafin a sauke injin akori-kura, a fara auna baƙin man da take sha

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka mai farin jini in yi magana da 'yan uwana masu tsofaffin motocin akori-kura, musamman waɗanda suka sayi ta hannu kamar ni. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata magana da nake ji kusan kullum a gareji: da zarar mota ta fara shan baƙin mai, sai a ce wa mai ita ko dai a sauke inji, ko a zuba mata mai mai kauri. An gaya mini duka biyun, kuma da na bi ko ɗaya daga ciki da na yi asara.

Tawa mai dizal ce. Na saye ta agogonta yana nuna kilomita 240,000, yanzu ta haura 400,000. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, don haka ban yi mamaki ba da na ga mai yana sauka a geji, wato sandar auna baƙin mai. Amma shekara biyu da saye abin ya fara ba ni tsoro. Wani matashin bakanike ya leƙa ƙarƙashin bonet, bai kwance ko ƙusa ɗaya ba, ya ce ringin fistin sun mutu, a sauke inji. Na tambaye shi lita nawa take sha, ya ce ai da gani an san tana sha sosai. Ni ma da na tambayi kaina, ban san amsar ba.

Sai na sayi ƙaramin littafi na ajiye a aljihun mota. Duk safiyar da zan yi doguwar tafiya, kafin in tayar da ita, a kan fili mai daidai, nakan zare geji in goge, in mayar, in sake zarewa, in rubuta lambar agogo da inda mai ya tsaya. Tsakanin alamar ƙasa da ta sama a yawancin waɗannan motoci kusan lita ɗaya ne. Bayan wata biyu lissafi ya fito: lita ɗaya a kowane kilomita 1,500. Yana da yawa, ban musa ba. Amma littattafan jagora na wasu kamfanonin mota sun rubuta cewa har lita ɗaya a kilomita 1,000 yana cikin iyakar abin da suke lamunta. Ni dai ban yarda inji mai lafiya zai sha haka ba, sai dai hakan ya nuna mini cewa ba gobe motar za ta tsaya ba, ina da lokacin bincike.

Na kai ta wurin wani dattijon bakanike da littafin a hannuna. Abu na farko da ya yi ya ba ni dariya: ya sa aka wanke injin tas, ya ce in shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta in ta kwana. Da safe ga ɗigo biyu a kan kwalin. Ashe wani kaso na man ba ƙonewa yake yi ba, yoyo yake ta gasket ɗin murfin saman inji da kuma robar gaban karanshaf. Ƙura ta daɗe tana rufe wurin, shi ya sa ba a gani.

Daga nan ya koya mini karatun hayaƙi, wanda nake ganin duk mai tsohuwar mota ya kamata ya iya. Baƙin hayaƙi maganar man tuƙi ce, dizal ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan. Fari mai kauri da ba ya yankewa bayan inji ya yi zafi yakan nuna ruwan lagireto na shiga silinda, kuma idan ka buɗe murfin mai ka ga abu kamar madara a jikinsa, to ka zargi gasket ɗin kan inji. Shuɗi shi ne baƙin mai ke ƙonewa. Shi ma shuɗin iri-iri ne. Idan da safe kawai yake fita sannan ya ɗauke, galibi robobin bawul ne suka bushe, mai yana tsiyaya cikin silinda da daddare. Idan kuwa yana ƙaruwa lokacin da ka taka totur da kaya a baya, a nan ne ake fara zargin ringin fistin ko turbo, wato na'urar da ke ƙara tura iska cikin inji. Ya sassauta murfin mai inji yana aiki, muka ga murfin bai yi tsalle ba, tururin da ke fita kaɗan ne. Ya auna matsin kowane silinda, huɗun suka zo kusa da juna. Ya ce, “Alhaji, ringinka na da sauran kwana.” Da ya cire bututun iskar turbo sai ga mai kwance a ciki, ga kuma bututun numfashin inji ya toshe da dauɗa. Idan wannan bututu ya toshe, iska takan taru a cikin inji ta tura mai ta duk wata kafa da ta samu. Aka gyara turbo, aka share bututun, aka sauya gasket da roba. Shan man ya koma lita ɗaya a kilomita 4,000, kuma a nan yake har yau.

Maganar mai mai kauri kuwa, ita ce ta fi ɓata mini rai. Lambobin da ke jikin galan, irin su 15W-40 ko 5W-30, ba ado ba ne. Ta farko tana nuna yadda man ke gudu in yana da sanyi, ta biyu kaurinsa in ya kai zafin digiri 100. Mai mai kauri zai rage hayaƙi, gaskiya ne, amma yakan makara wajen isa turbo da saman inji a lokacin tayarwa, kuma a daidai wannan lokaci ne ƙarfe ya fi cin ƙarfe. Da shi wasu masu sayar da mota suke ɓoye ciwonta. Saboda haka idan za ka sayi ta hannu, ka nemi a tayar maka da ita tana da sanyi, kana tsaye a bayan salansa. In ka iso ka taɓa bonet ka ji ɗumi, ka ce gobe za ka dawo.

Lambar agogo ma kada ta ruɗe ka, don ana mayar da ita baya. Dubi robar fedar birki da kuloci, da sitiyari, da kujerar direba. Su ba sa ƙarya. Kuma Hilux ce, ko D-Max, ko Ranger, ko L200, suna ba ya cika geji. Hilux tun 1968 ake ƙera ta, ta kuma yi suna wajen juriya, amma mai injin 2KD ma yana da bel ɗin taimin da ake sauyawa a kilomita 150,000. In ya tsinke a hanya fistin da bawul za su yi karo. Wanda ya sayar maka ba shi da shaidar ya sauya, ka ɗauka bai sauya ba.

Abu biyu nake gani suna kashe injuna a banza. Ɗaya filtar iska, da ake ta hurawa da iska mai ƙarfi har takardarta ta yage, ƙura ta shiga ta riƙa goge ringi kamar sanfefa. Na biyu jan fitilar mai da ke gaban direba. Mutane da yawa suna zaton ita ce za ta gaya musu mai ya ragu. Matsin mai take aunawa, kuma kafin ta kama, aikin gama ya kusa gamawa. In ta haska, ka kashe mota nan take.

Ni ina yin juye duk kilomita 5,000 tare da sabuwar filta, saboda kaya nake ɗauka kuma hanyoyina ba duka ke da kwalta ba. Galan ɗaya ba ya barin bayan kujerata. Na san watarana ringin nan za su gaji, kuma na gaya wa dattijon cewa ranar da littafina ya nuna ta koma lita ɗaya a kilomita 1,000, da kaina zan kawo masa ita ya sauke injin. Makon jiya na buɗe littafi na uku.

Naka,
Wani mai tsohuwar akori-kura