Barka da Sallah daga Birmingham

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Baba da Inna, da Yaya, da Gwaggo, da duk mutanen gida a Runjin Sambo.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, barkanmu da shan ruwa, barkanmu da Sallah. Allah Ya karɓi ibadunmu, Ya maimaita mana cikin ƙoshin lafiya. Baba, ya gajiyar azumi? Na san ranar Sakkwato ba ta raga muku ba. Mu nan a filin shaƙatawa na Small Heath muka yi Idi, cikin sanyi, jama'a ba masaka tsinke, 'yan Pakistan da Somaliya da Yaman da mu 'yan Najeriya jefi-jefi. Da liman ya sallame sai Fakon Idi ya faɗo mini a rai, da tamburan Kanwuri, da masar Inna da miyar taushe.

Inna, Yaya ta ce hankalinki ya tashi da kika ga hoton da na turo, ina zaune a ƙasa kare na kwance kusa da ni. Shi ya sa na ga gara in rubuto a tsanake.

Duk Asabar ɗin da ba ni da aikin asibiti ina zuwa wata cibiya ta yara, aikin sa kai ne, ba a biyana ko sisi. Sai da aka bincika ko ina da wani tabon laifi kafin a bar ni in kusance su, haka dokarsu take. A Ingila ba a tara marayu a babban gida guda. Ƙaramar hukuma ce ke ɗaukar nauyin yaro har ya kai shekara 18, yawanci ta ba wani iyali riƙonsa. Yaran da muke gani sun shigo ƙasar su kaɗai, daga Sudan da Eritiriya da Afganistan, da yawansu ba uwa ba uba. Muna koya musu Turanci, mu dafa abinci tare, wani lokaci zama kawai.

Karen na wata dattijuwar Baturiya ne, tsohuwar malamar makaranta. Tana cikin ƙungiyar Pets As Therapy, wadda tun 1983 take kai karnuka asibitoci da makarantu da gidajen tsofaffi. Ba kowane kare ake karɓa ba. Sai an gwada halinsa, an ga ba ya firgita da hayaniya, ba ya daka wa mutum tsalle, kuma allurarsa ta rigakafi ta cika. Ba a tilasta wa yaro ko ɗaya taɓa shi, wanda ya taɓa kuma sai ya wanke hannu.

Akwai wani yaro, bai fi sa'an autanmu ba. Tun zuwansa ba wanda ya ji muryarsa sai dai "e" ko "a'a". Kullum yana can kusurwa, hular rigar sanyi a ka, hannuwa cikin aljihu. Ranar nan karen ya je ya kwanta ya ɗora haɓarsa a kan takalmin yaron. Bai janye ƙafa ba. Can ya sa yatsu biyu yana shafa bayan kunnensa, sai na ji yana cewa ƙasa-ƙasa, "Kwanta, kwanta abinka." Baba, da Hausa! Tsigar jikina ta tashi. Na ce masa, "Sannu ƙanena, ɗan ina ne kai?" Ya ɗago ya zuba mini ido, ya ce, "Mai Wurno."

Kun tuna labarin da kuke ba mu muna yara, na yadda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, ya yi shahada a Burmi, ɗansa Mai Wurno ya ci gaba da sauran jama'a gabas har suka zauna a bakin kogin Nilu a Sudan, garin ya ci sunansa? To, jikokin mutanen nan ne. Hausarsa gauraye take da Larabci, amma muna fahimtar juna sarai. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 ne ya raba shi da iyayensa. Ya bi ta Libiya, ya haye teku, ya ratsa Faransa. Ban tone shi ba, abin da ya ga dama shi yake faɗa. Ya tambaye ni ko da gaske Hubbaren Shehu na nan, don kakansa ya rasu da burin ziyartarsa.

Ni a ganina ga abin da karen nan ke yi. Yaron da ya shigo ƙasar nan ya sha tambayoyi har ya gaji: jami'in shige da fice, lauya, likita, ma'aikaciyar jin daɗin jama'a, kowa na son sunansa da shekarunsa da yadda iyayensa suka mutu. Karen ba ya tambayarsa komai, kuma wata Asabar zai dawo ya sake kwantawa a wurin. Daga nan ne bakin yaro ke buɗewa, har mutum ya samu hanyar shiga.

Batun tsarki kuwa, Baba kun fi ni sani. Abin da aka karantar da mu a Malikiyya shi ne duk mai rai tsarkakakke ne, har da yawunsa, wanke ƙwarya sau bakwai kuma bin umarni ne. Ban ajiye kare a ɗakina ba, ba kuma zan ajiye ba. In akwai gyara a fahimtata, ku sanar da ni.

Yanzu ga roƙona. 'Ya'yan marigayi Kawu suna raina ƙwarai. Na san ba a bar su da yunwa ba, an yi musu ɗinkin Sallah, Allah Ya saka. Amma Yaya, babban nasu da kuke cewa ya zama miskili tun rasuwar, a daina yi masa faɗa kan shirunsa. Ki riƙa jawo shi kusa idan kina tsintar shinkafa, ko Baba ya riƙa tafiya da shi masallaci da asuba, ko da ba za a ce masa komai ba. A tsayar da abin ya zama kullum, ba sai Sallah ba.

Na turo kuɗi ta asusun Yaya. A cire goron Sallar yara, a biya wa 'ya'yan Kawu kuɗin Islamiyya, sauran na maganin Gwaggo ne. Autanmu kuma ya je Hubbare ya ɗauko mini hoton ƙofar da kyau, ya turo ta WhatsApp kafin Asabar, na yi wa yaron alkawari. A gaida Liman da maƙwabta duka, a sa mu a addu'a.

Wassalam,
Ɗiyarku.