Amsa ga Malamin da Ya Yi Tambaya kan Tsohuwar Girgizar Ƙasa

Assalamu alaikum, Malam.

A wani shirin rediyo ka tambaye mu, mu masu nazarin duwatsu: ta yaya ake gane girgizar ƙasar da ta auku tun babu na'ura babu rubutu, kuma mene ne amfanin neman ta a tsakiyar nahiya, inda ƙasa take kwance lafiya?

Shirun da ƙasa ta yi ba shaidar lafiya ba ce. Girgiza na aukuwa ne a kan tsaga, wato karayar da ke cikin duwatsun ƙarƙashin ƙasa, idan ɓangarorinta biyu suka goce. Tsagar San Andiriyas ta Kalifoniya, da ke bakin faifan ƙasa (ɗaya daga manyan ɓangarorin ɓawon duniya masu motsi a hankali), tana gocewa kusan milimita 35 a shekara, shi ya sa kowa ya san da ita. Tsagar tsakiyar nahiya kuwa sau da yawa ko milimita ɗaya ba ta kaiwa, sai ta yi dubban shekaru ba motsi. A Latur ta Indiya, ranar 30 ga Satumba 1993, girgiza ta hallaka mutane kusan dubu goma a yankin da ake ganin ba shi da haɗari. Na'urorinmu na auna girgiza ba su wuce shekara ɗari da 'yan kai ba. Abin da ya gabace su, sai an tona.

Da farko ana neman gangaren da tsagar ta bari a doron ƙasa, ta hoton leza daga jirgin sama. Sai a haƙa dogon rami ya gitta tsagar, zurfin mita biyu zuwa huɗu, tsawon mita ashirin zuwa hamsin, a tokare bangonsa ko a yi masa matakala don kada ya rufta. A kankare bangon da hannu har shimfiɗun ƙasa su fito fili, a ja zare murabba'i-murabba'i na mita ɗaya, a kafa ƙusoshi a iyakar kowace shimfiɗa, a zana komai.

Abu ɗaya ake nema: shimfiɗa ta ƙarshe da tsagar ta yanke, da wadda ta kwanta a kanta ba ko tabo. Tsakaninsu girgizar ta auku. A ɗauki gawayi daga ta ƙasa da ta sama a auna kabon-14, sinadarin da ke nuna shekarun gawayin, wanda ke aiki har kusan shekara dubu hamsin. In babu gawayi, a buga bututun ƙarfe cikin bango a ɗebi yashi, a toshe bakinsa, a auna yaushe rabonsa da hasken rana. Haske ya taɓa shi, samfurin ya lalace.

A nan ake yawan yin kuskure. Gawayi na iya daɗewa a wani wuri kafin ruwa ya kawo shi, sai ya ba da shekarun da suka girmi shimfiɗar. Saiwar bishiya kuma tana shigo da sabon kabon, ta rage shekarun. Gara tana cuɗa ƙasa har iyakokin su ɓace. Laka mai tsattsagewa da rani tana kama da tsaga, mai gaggawa sai ya ƙirga girgizar da ba a yi ba. Mafi muni, zaizayar ƙasa kan share gangaren tun kafin wata girgizar ta zo. Don haka ba ma yarda da rami ɗaya ko samfuri ɗaya.

A Niyu Madrid, kwarin Misisipi a Amurka, tsagar na binne ƙarƙashin laka mai kauri, sai aka bi wata hanya. Girgizar Disamba 1811 zuwa Fabrairu 1812 ta sa jiƙaƙƙen yashi ya ɓullo sama ya malale gonaki. Da aka tona, aka tarar da tsofaffin irinsa a ƙasa, wasu sun danne tsingaron tukwanen mutanen farko na yankin. Gawayi da tsingaron suka nuna an yi irin wannan wajen shekara ta 900 da ta 1450, wato tazarar kusan shekara 500.

Kada dai ka ɗauki 500 ɗin a matsayin agogo. Tsagogin tsakiyar nahiya kan yi motsi a jere, sannan su yi dogon barci. A Tenant Kirik ta Ostareliya, girgiza uku suka auku rana ɗaya, 22 ga Janairu 1988, ramukan da aka haƙa daga baya suka nuna wurin ya daɗe ƙwarai bai motsa ba.

Mu ma a tsakiyar faifan Afirka muke, kuma mutanen Mpape a Abuja sun ji ƙasa ta motsa a Satumba 2018. Ra'ayinmu shi ne a haƙa irin waɗannan ramuka a kan tsagar Ifewara zuwa Zungeru, musamman kusa da manyan madatsun ruwa.

Allah Ya ƙara basira, Malam, a gai da ɗalibai.

Naka,
Wasu masu nazarin duwatsu