Rahoton Shekara: Fitar da Muka Yi da Ɗalibai Zanen Karkara

Assalamu alaikum, 'yan uwa membobi.

Babban aikin da ƙungiyarmu ta malaman zane ta sa a gaba bana shi ne fitar da ɗalibai daga aji, su zana abin da idonsu ke gani a ƙauyukan Birnin Kudu. Dalilin kun san shi. Ka ce wa yaro ya zana daji, sai ya kawo maka tsauni mai ƙanƙara da ya gani a kalanda, alhali ga duwatsu a bayan gidansu.

Fitar farko da damina muka yi ta, kuma gawo ne ya tona asiri. Kusan kowa ya lulluɓe shi da koren ganye, bishiyar kuwa tana tsaye a gabansu tsirara, don gawo da damina yake zubar da ganye, sai rani ya yi kore. Ba mu yi musu faɗa ba. Cewa muka yi su ajiye burushi su kalla, sannan su sake.

Da hunturu hazo ya yi mana rabin koyarwar. Abin da muka daɗe muna nanatawa a allo, cewa na nesa yakan dusashe, na kusa ya yi duhu, yara suka gan shi da kansu: kuka ta kusa baƙa ƙirin, rumbunan bayanta sun yi toka-toka, dutsen can ƙarshe kamar hayaƙi. Zanen da suka fi kyau bana daga wannan fitar suka fito, duk da iska ta kwashe mana takardu.

Mun kuma kai su Dutsen Habude, inda mutanen da can suka zana shanu a jikin dutse, zanen da masu bincike suka rubuta labarinsa tun shekarun 1950. Daga nan dabara ta zo mana. Fenti ya yi tsada, saboda haka muka koma ga jar ƙasa da gawayi da shuni, ana kwaɓawa da ruwan ƙaro don su kama takarda. Jar ƙasar ma ta fi fentin kanti dacewa da launin gonakinmu.

Kuɗin wata dai har yanzu da sauran masu bashi, shi ya sa fitar kaka ba ta yiwu ba. A taro na gaba za a baje zanen yaran. Mai kwali a gida ya taho da shi, a liƙa su a kai.