Hamma, ga dalilin shiruna

Assalamu alaikum Hamma, ya gida ya su Dada, ya zafin Gombe? Na san ka ga kwana biyu ba na kiran bidiyo, to gaskiyar magana hannuna ne a naɗe da bandeji, ban so Dada ta gani hankalinta ya tashi.

Ka san aikin dare nake a kamfanin naman nan na Nebraska, mu ne masu wanki da gyaran injina bayan an tashi daga yanka. Ruwan da ake tsoma wuƙaƙe ciki don kashe ƙwayoyin cuta sai ya kai digiri 82, ga bututan tururi ko'ina a saman kanka. Doka ce a nan Amurka, kafin ka taɓa inji sai ka kashe shi ka rufe famfo ka ɗana kwaɗonka mai sunanka, makulli na aljihunka, sannan ka saki ragowar tururin da ya maƙale ciki. Kwaɗon wallahi na sa, amma sauri muke don masu aikin safe sun kusa shigowa, ban tsaya na saki ragowar ba. Ina kwance noti na uku kawai tururin ya feso min tun daga wuyan hannu har gwiwar hannu, safar hannun ma ta jiƙe ta riƙe zafin, kafin in cire ta, fata ta saluɓe.

Wani ɗan Somaliya da muke aiki tare shi ya ja ni bakin famfo ya sakar min ruwan sanyi minti 20 cif, ina fizgewa yana danne ni, Allah ya saka masa. Inshorar ma'aikata ke biyan asibiti, kuma alhamdulillahi yatsun duk suna motsi.

Wanda ke cikin raina shi ne autanmu da yake babbakar kai da ƙafa a kwata, kullum yana kan wuta da silifas. Don Allah Hamma ka zaunar da shi. In tsautsayi ya faɗa kar wanda ya fasa masa ɗanyen ƙwai ko ya shafa man goge baki ko baƙin mai irin yadda ake yi a unguwa, ruwan sanyi kawai a yi ta zubawa, banda ƙanƙara, kar a fasa bororon, a wuce asibiti da shi. Ka cire daga abin da zan turo ka saya masa takalmin roba mai tsawo.

Kuɗin watan nan zai ɗan ragu tunda ba obataim. Dada kuwa ka bar min, ni zan faɗa mata da bakina ranar Juma'a in an sauko daga masallaci. Ka gaida Adda da yara.

Ƙaninka.