Zuwa Ga Ɗana: Kada Ka Ajiye Yaran Nan Sai Gobe

Ɗana ƙaunatacce,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Tun da dattawan ikilisiya sun damƙa maka kula da matasa 'yan shekara 13 zuwa 19, kafin ka fara tsara taruka ko neman kayan kiɗa, ka fara sa kunne ga bakin manya. Yadda ake maganar yaran nan, a gabansu da bayan idonsu, shi ke gaya musu ko 'yan gida ne su ko baƙi.

Magana iri biyu za ka riƙa ji. Akwai ta kuka: "yaran zamani", "ba sa jin magana", "waya ta lalata su". Akwai kuma mai kama da yabo: "ai manyan gobe ne". Wannan ta biyun ta fi wuyar kamawa, domin mai faɗinta da zuciya ɗaya yake faɗi. Amma yarinya 'yar shekara 15 da ta ba da gaskiya, aka yi mata baftisma, take cin Jibin Ubangiji, gaɓa ce ta jikin Almasihu yau ɗin nan. A 1 Korintiyawa 12 Bulus bai gindaya shekaru ba. Cewa ya yi ido ba shi da damar ce wa hannu ba ya bukatarsa, kuma gaɓoɓin da ake ganin raunana ne, ba a iya yi sai da su. Yaron da aka yi ta ce masa "sai gobe" tun yana 13 har ya kai 19 zai ɗauki darasin sarai. Ranar da ya daina zuwa, babu aikin da zai tsaya, don haka babu mai cigiyarsa.

Ka riƙe abin da Nassi ya nuna, don za ka bukace shi a gaban dattawa. Yesu yana da shekara 12 ya zauna cikin malamai a Haikali yana saurare yana tambaya, ba su kore shi ba. Yosiya ya hau sarauta yana da shekara 8, a shekara ta takwas ta mulkinsa, wato yana 16, ya fara neman Allah. Irmiya ya ce shi yaro ne, Ubangiji ya hana shi faɗin haka. Wadda nake so ka tsaya a kanta ita ce Roda, a Ayyukan Manzanni 12. Bitrus yana kurkuku, masu bi sun taru a gidan Maryamu uwar Yohanna Markus suna addu'a. Aka ƙwanƙwasa ƙofa, baranyar nan ta gane muryar Bitrus, murna ta hana ta buɗewa, ta ruga ciki da labari. Amsar da ta samu ita ce wai ta haukace. Manya suna roƙon abu, Allah ya amsa, yarinya ce ta fara ji, suka ƙaryata ta. Haka har yau: yaro ya kawo magana a taro a wuce ta, babba ya maimaita ta a ce madalla.

Ka zauna da fasto cikin ladabi ku yi maganar mumbari. In duk lokacin da ake neman misalin zunubi sai a juya ga layin matasa, a yi zancen sutura da aski da waya, jama'a su yi dariya, to an koya musu cewa wa'azi wurin tozarta su ne. Wanda ya yi laifi, Matiyu 18:15 ta shafe shi kamar kowa: a fara ganinsa a keɓe. Ka kula da addu'a ma. "Mu yi wa 'yar wance addu'a, ta fara bin maza" gulma ce, ko da an rufe ido an ce amin. Duk roƙon addu'a da ya shafi yaro, a nemi izininsa kafin a ambaci sunansa.

Daraja kuwa a aiki ake ganinta. Jera kujeru da shara hidima ce mai kyau, amma in su kaɗai ake ba matasa, alhali manya ba sa taɓawa, yaran sun san abin da ake nufi. Ka ba su karatun Littafi Mai Tsarki a sujada, jagorar waƙa, karɓar baƙi a ƙofa, kula da na'urar sauti, taimakon malaman makarantar Lahadi, ziyarar marasa lafiya tare da dattijo. Kowane aiki mataki huɗu ne: ya kalle ka kana yi, ku yi tare, ya yi kana tsaye, sannan ya yi shi kaɗai. Yawanci mataki na biyu da na uku ake tsallakewa, shi ya sa ake jin kunya.

Ɗauki karatun Nassi. Kuskuren da aka saba shi ne a miƙa wa yaro Littafi da safiyar Lahadi a ce tashi ka karanta. Ya hau, hannu na rawa, ya ci karo da suna kamar Nebukadnezzar, ya sarƙe, wani a baya ya ƙyalƙyale, shi ke nan ba zai sake yarda ba. Ka ba shi wurin da zai karanta tun ranar Laraba, mai tsawon ayoyi goma zuwa goma sha biyu. Ranar Asabar ya karanta sau biyu da ƙarfi a inda zai tsaya, da makirufo a hannu. Ku rarraba sunaye masu wuya gaɓa-gaɓa, ya sa alamar fensir a inda zai numfasa. Bayan sujada ka same shi a gefe, ka faɗi abu ɗaya takamaimai da ya yi daidai, da abu ɗaya tak da zai gyara. "Ka yi ƙoƙari" ba ta koya wa kowa komai. Ka riƙa juya ayyukan duk wata uku, in ba haka ba masu murya da 'ya'yan shugabanni za su cinye komai, mai shiru ya shekara a kujerar baya.

Game da koyarwa, minti 20 ya isa, sauran lokacin a raba su rukuni na mutum shida zuwa takwas su yi magana. Ka ajiye akwatin tambaya ba tare da suna ba, ka kuma amsa cikin mako biyu, don akwatin da ba a buɗewa ya fi rashinsa muni. Za su tambaya kan jima'i, kan wahala, kan ko Allah yana ji. Kada ka kira tambaya tawaye. Yahuza aya 22 ta ce a ji tausayin masu shakka, Yesu kuma bai kori almajirinsa Toma ba da ya yi shakka. Wanda aka toshe masa baki a coci ba ya daina tambaya, intanet yake komawa.

Ka san jikinsu kuma. Sashen gaba na ƙwaƙwalwa, mai auna sakamako da danne zuciya, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. Matashi na bukatar barcin awa 8 zuwa 10, kuma a shekarun nan barci kan yi jinkirin zuwa masa da dare. Saboda haka mai gyangyaɗi ba lallai ne mai sanyin ruhu ba. Da saurayin nan Aftikos ya yi barci Bulus yana wa'azi, ya faɗo daga hawa na uku, Bulus sauka ya yi ya rungume shi.

Abin da zan faɗa yanzu babu sassauci a cikinsa. Kada babba ɗaya ya keɓe da yaro a ɗaki rufe, ko da kai ne, ko da fasto ne. Manya biyu a kowane taro da kowace tafiya, mace a wajen 'yan mata. Saƙon waya ya bi ta rukunin da iyaye suka sani, ba hira ta sirri da dare ba. In yaro ya ce zai gaya maka abu amma ka yi alkawarin ɓoyewa, kada ka yi alkawarin. Ka ce za ka faɗa wa wanda zai taimaka kaɗai. In ya ce wani yana taɓa shi ko yana cutar da shi, ka saurara, kada ka yi masa tambayar tuhuma, ka rubuta kalmominsa yadda ya faɗa, ka kai ga shugabanni da hukumar da doka ta ɗora wa kare yara a ranar. Rufa asiri don kare sunan ikilisiya shi ne abin da Matiyu 18:6 ta yi wa kashedi da dutsen niƙa. Wanda ya ambaci son mutuwa kuma, kada ka bar shi shi kaɗai. A sanar da iyaye, a kai shi ga likita, addu'a na tafiya tare da hakan.

Ranar faɗuwa ce ke tona ainihin darajar da ake ba su. Yarinya ta yi ciki, a tsayar da ita gaban jama'a, wanda ya yi cikin yana zaune lafiya, wani lokaci ma babba ne da ya kamata hukuma ta kama. Wannan zalunci ne, kuma sauran yaran suna kallo. In za a yi horo, a yi shi daidai ga kowa, a faɗi tsawonsa, a naɗa dattijuwa mai ziyartarta, a kuma bayyana hanyar dawowa, kamar yadda Galatiyawa 6:1 ta ce a maido da mutum da tawali'u. Yohanna Markus ya gudu daga aiki har Bulus da Barnaba suka rabu a kansa, amma a 2 Timoti 4:11 Bulus ɗin ne ya ce a zo masa da shi, yana da amfani.

Ka nemi dattawa su ware wa matasa layi nasu a kasafin shekara, su kuma ba biyu daga cikinsu, namiji da mace, kujera a kwamitin da ke tsara shirinsu. Iyaye kuma kada su ji muryarka sai ranar ƙara. Ka kira su ka faɗi alherin da ka gani a ɗansu. Ka buɗe littafi ka rubuta sunan kowane yaro, da shekarunsa, da babba ɗaya a ikilisiya, ban da iyayensa, wanda ya san shi da suna. Duk wanda gurbin nan nasa ya zama fanko, da shi za ka fara. Wanda kuma bai zo Lahadi biyu a jere ba, a neme shi kafin ta uku.

Mahaifiyarka tana gaishe ka. Ubangiji ya riƙe ka.

Ni ne,
Mahaifinka